Mutumin da Ya Bi Hanyar Ruwa Neman Mugunta

Ranin da tumatirin Baba ya fara ƙonewa a gonarmu ta wajen Bunkure, ina aji uku na firamare. Gonar tana kusa da ƙarshen hanyar ruwa, ta jima ba ta samun isasshen ruwa. Baba ya rantse Malam Hadi, maƙwabcinsa na sama, shi ke datsewa don mugunta, kuma gobe sai an raba su.

Kakarmu Iya ba ta ko kama sunan Baba, ɗan fari ne, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Bayan isha'i ta tura kara a wuta, muka kewaye ta. Har yau ina kewar ƙamshin dankalin da take binnewa a toka. Baba na bakin zaure yana wasa adda.

"Matso, mijina marar cefane, ga wata tatsuniya ta taho," ta ce da ni, da murya sama da yadda ta saba.

Wai wani manomi ne shukarsa ta bushe, aka ce masa Mugunta ce kwance a hanyar ruwa tana shanyewa. Ya ɗauki gora ya bi sama zai kashe ta. A gonar farko ɗan dunƙulen laka ya tarar, mai gonar ya ce kaɗan ya karkatar, yara sun yi masa yawa. Ta biyu haka, ta uku haka, har da mai ba shi fura. Ya kai mafarin ruwan bai ga dodo ba. Da ya dawo sai ya yi tuntuɓe da lakar da shi ya dasa a bakin gonarsa, ga lambun wata tsohuwa a ƙasa ya bushe.

Na ji haushi, na ce to ina Muguntar?

"Ni ma tun ina yarinya nake nemanta," in ji Iya. "Laka kawai nake gani, kowa da tasa."

Ƙarar wasa addar ta tsaya. Ƙasa da gonarmu akwai 'yar albasar Gwaggo Ladi, wadda mijinta ya rasu.

Na girma na ji masana suna muhawara, ko mugunta daga Shaiɗan take, ko halitta ce, ko rashin alheri ne kawai. Ina saurarensu. Amma abin da nake gani shi ne Baba washegari da hantsi, ya dawo daga fasa lakar da ya datse ruwa da ita a bakin gonarmu, fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa, Iya ta miƙa masa koko ba ta dube shi ba. Tumatirinmu bai tashi ba a shekarar. Albasar Gwaggo Ladi ta yi.