Bodin Baba, Shasin Mai Burodi

Yayana ɗan gayu ne, kuma ba yabo nake yi ba. Tun muna yara shi ne mai goge takalmi har ya ɗauki ido, ƙasan takalmin kuwa a huje. Ya yi aiki a shagon labule har furfura ta fito masa, bai taɓa zama mai shago ba, amma in ka ga takunsa sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin.

Da Baba ya rasu, motarsa ta faɗo hannun Yaya. Tsohuwar mota ce doguwa, baƙa wuluk, kujerunta jar fata, irin wadda yanzu in ta gifta sai mutane su ciro waya. A cikinta Baba yake zagawa da Inna gari duk ranar hutu, tana gaba, gwiwar hannunta a kan taga. Yaya ya kulle ta a gareji, wai babu mai shiga sai ya gama gyara.

Gyaran nasa kuwa wanki ne. Kullum da safe bokiti, soso, tsumma. Ya wanke, ya goge, ya ja da baya ya kalli fuskarsa a jikin ƙofa. Ruwan yana gangarawa ƙasa yana kwanciya, shi ko a jikinsa, don leƙa ƙarƙashin mota sai an durƙusa, durƙuso kuma yana ɓata karin guga. Haka aka kwashe shekaru har tsatsa ta cinye shasin, wato ƙarfen gindi da duk motar ke zaune a kai.

Makanike ya ce bodi, wato gangar jikin motar, lafiya lau, amma gindi ya mutu. Ya ce yana da shasin wata motar rabon burodi da ta yi ritaya a bayan garejinsa, tsawonsu ɗaya. Tambaya guda Yaya ya yi:

"Za a gani daga waje?"

"Ba za a gani ba."

"To ɗora."

Ana haka jikin Inna ya fara ƙi. Ƙafa ta riƙe, ido yana ta dushewa. Abu ɗaya ta roƙa a duniya. Ta ce, "Ɗan nan, ka zaga da ni a motar babanku ko sau ɗaya, tun ina ganin hanya."

Takardun motar sun daɗe da mutuwa, dole sai an sake rajista. Na bi shi ofishin lasin, don na san halin kayana. Ya sha farar riga, ya fesa turare, aka jawo motar a baya. Ma'aikacin da ke duba motoci ya kwanta a ƙasa da tocila, ya karanta lamba, ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

"Malam, takardarka ta ƙaramar motar gida ce. Lambar da ke jikin shasi kuma ta motar burodi ce."

Yaya ya nuna masa ƙofofi, ya nuna kujeru, ya ce ya dubi fentin nan da kyau.

"Na gani, tubarkalla. Amma mu nan shasi muke wa rajista, ba fenti ba."

Mutumin bai ma tsananta ba. Ya ce a kawo shaidar makaniken, a rubuta cewa haɗa ta aka yi a kan shasin motar burodi, a ba ta lamba, cikin makon nan ta hau titi. Wallahi har na fara hamdala. Sai Yaya ya dafe ƙirji.

"Ni? A rubuta burodi a takardar motar mahaifina?"

Na ce, "Haba Yaya, takardar da za ta kwanta a aljihun mota, wa zai gani? Inna fa ke jira."

Ya ce, "Ke ba ki san darajar abu ba."

Ashe masu tsofaffin motoci suna da wani taro da suke yi, ana buɗe murfin inji ana nuna takardu, can yake so ya je ya tsaya da hannu a aljihu. Ya nemi mai walda ya kankare lambar ya buga ta motar Baba. Mai walda ya ce shi yana da iyali, bai shirya zaman gidan yari ba. Sai Yaya ya koma sintiri ofis-ofis yana neman babban da zai gane ko shi wane ne. Babu wanda ya gane. Kafin ya gaji, idon Inna ya rufe ruf.

Wata safiya ta ce a kai ta garejin da motar take haka nan. Na tura ta a kekenta na marasa lafiya. Kafin a zaunar da ita, sai da wannan bawan Allah ya ruga ya shimfiɗa tawul a kan kujera. Ta lalubo taga, ta ɗora gwiwar hannunta daidai inda ta saba.

"Tada ta mana, in ji kukanta."

Ya ce ai ya cire batir, kada ya lalace.

Ta kafa fuskarta wajen bangon gareji. Can ta ce, "To, ku mayar da ni ɗaki."

Na ɗago ta, hawaye na zubo mini don takaici. A bakin ƙofa na waiga. Yaya ya huro iskar baki a kan taga, yana goge inda hannunta ya taɓa.