Dalmar da Na Kai Gummi

Ina budurwa a Sunke, turmin gidanmu aiki biyu yake yi. Da safe gero, da hantsi dutsen zinarin da yayyena ke kawowa a buhu daga rami. Ni ke daka, ni ke tankaɗe, ƙura ta hau min gashin ido in share da bakin zane in ci gaba. Da aka fara binne yara, har da ƙanena, sai aka ce gubar dalma ce a dutsen. Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidanmu, suka zuba sabuwa, suka ba ƙanana magani. Mu manya muka ɗauka mun tsira, tunda ba mu taɓa jijjiga irin ta yaran ba.

Na yi aure a Gummi. Mijina tela ne, bai taɓa riƙe dutsen zinari ba. Da na sami cikin fari, Inna ta aiko a ɗauko ni goyon ciki, in haihu a ɗakinta kamar kowace 'ya. Na ƙi. Ta hau babur ta zo da kanta.

Ta ce, "Mi munka yi miki? Gidan ubanki ya zan abin ƙyama?"

Na ce, "Inna, ƙasar garin nika gudu, ba ke ba."

Ta koma tana kuka, dangi suka ce na waye na raina asalina. Na shanye, don a ganina ni ce mai wayo. Na haifi 'yata a Gummi, na shayar da ita har maƙwabta na tsokanata wai na fi saniyar Fulani nono.

Yarinyar ta kusa shekara biyu ba baki, sai yawan kuka da ƙin abinci. Muka kai ta asibiti a Anka. Aka auna jininta, sannan nawa. Malamar asibitin ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce ƙashi ba dunƙule guda ba ne, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne kamar na gishiri, na wani sinadari da ake kira kalsiyam. Dalma ta yi kama da shi, jiki ba ya bambance su, sai ya gina ta cikin ƙwayoyin ta zauna shekara da shekaru. In mace ta yi ciki ko tana shayarwa, jikinta kan ɗiba daga ƙashinta ya gina na ɗan, duk abin da ke ajiye ya biyo.

Na tambaye ta me ya sa ranar da ake kankare tsakar gida ba wanda ya gaya mana wannan.

Haushin bai sake ni ba har yau. Na ɓata da uwata saboda ƙasar Sunke, ashe na riga na kwaso dalmar a jikina, kuma da kaina na ba yarinyar nan ita ina mata waƙa. Shekararta shida yanzu. Tana tafiya, tana dariya, amma ba ta taɓa ce min Inna ba.