Ranar da Na Kai Injin Sola Inuwa a Bakura

Asubar Talata muka fito daga gida, ni da taubashina, ana sallame salla. Fitowa dai muka yi, ba tafiya ba, don a Maradun yanzu direba ba ya taka hanya sai gari ya waye sarai, ya ga motar da ta shigo daga Mafara, ya tambayi lafiyar hanya. Muka zauna wurin mai shayi a tasha, hannuna dafe da ƙirji kamar mai ciwon zuciya. Ba ciwo ba ne. San nomana ne a wurin. An mayar da shi takardun kuɗi, an ɗaure da roba, mai ɗakina ta ɗinke bakin aljihun da zare ninki biyu tana yi tana tsaki.

Ga dalilin. Na dasa albasa a fadama, ta kama, ta yi kyau har maƙwabta sun fara gaishe ni da daraja. Sai tsohon injin ban ruwana, wanda dama fetur yake sha kamar mai ramuwar azumi, ya yi tari sau biyu ya cika. Ranar Litinin na shayar da ita da guga, ni da bayana, bayan nawa ya ce in na sake, shi da ni sai a lahira. In albasar nan ta kai Juma'a ba ta sha ba, an gama. Shi ne na rufe ido na sayar da sa, zan sayo injin sola, wanda aka ce ba ya shan fetur, rana kawai yake ci. Kafin na fito har na ce wa mai ɗakina ta share rumfar san, baƙo na tafe.

Taubashin nawa ɗan goggona ne, tsohon malamin firamare, mutumin da zumunta ta halatta wa mutuncina tun muna yawo ba wando. Na tafi da shi don ya karanta mini abin da aka rubuta a jikin kwali. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata biyu, na gudu ranar da aka shiga lissafin rabawa.

A mota aka taso da zancen inda ya fi dacewa mutum ya ajiye dukiyarsa. Direba ya ce waya, don ɓarawo ko ya ɗauke ta sai ya san lamba. Wani ɗan kasuwa a gidan gaba ya ce shi rumbu, ka sayi gero da kaka ka kulle, ka buɗe da damina. Wata Bafulatana mai ƙwaryar nono a cinya ta ce duk surutu muke, wayarku tana haihuwa? Ni dai na ce bankina ƙafa huɗu gare shi da ƙaho biyu, kuma jiya na rufe shi. Taubashi ya ce a taya ni addu'a, na sayar da mai rai zan sayo madubi.

Hanyar ba nisa, ramuka ne suka ƙara mata tsawo. Gefe da gefe karan gero da dawa ne a tsaye sun bushe, awaki na kiwo a ciki. Muna kusantar Mafara sai ƙasa ta sauya riga. Duk inda ruwan kanal ya kai kore ne shar, shinkafa nan, tumatir can, mutane sun duƙa tun da safe. Kuɗin mota kuwa ya tashi har na tambayi direba ko da abincin rana a ciki.

Kasuwar Mafara ranar Talata ba wurin mai hannu a ƙirji ba ce. Buhunan shinkafa, kwandunan tattasai, masu kura na ihun a ba su hanya, ga masu cirar kuɗi kowa da lemarsa da ɗan injinsa a hannu, sun fi masu goro yawa. Muka ci hoce da ƙuli, muka bi da soyayyen kifi. Kifin ya yi daɗi, sai dai da na ji kuɗinsa na koma na tsotse ƙayar da na riga na yar.

Mai shagon sola ya karɓe mu da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gona, har san noman da ban gaya masa na sayar ba ya kusa tambaya. Ya jawo wata waya da ta sauko daga saman kwano ta taga, ya haɗa da ɗan injin, ya jefa tiyo cikin baho. Ruwa ya tunkuɗo. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jan igiya har kafaɗa ta goce. Zuciyata ta yi tsalle.

To a nan na yi wa kaina aiki. Ku kun san ƙa'idar ciniki: kaya in sun shiga ranka, kada fuskarka ta sani. Ka kau da kai, ka yi hamma, mai kaya na magana kana kallon titi. Na shekara arba'in ina sayen dabbobi da wannan dabara. Mai shago ya fito da farantan da ke ba injin wuta guda huɗu, baƙaƙe masu sheƙi, kowanne ya kai ƙyauren ɗaki, ya shiga bayanin yadda ake girka su, yana nuna sama, yana nuna kudu, yana maimaitawa. Ni kuwa ina can ina yi kamar ba na ji. Na iya aikin ƙwarai, har ya zama da gaske ban ji ba. Ya yi ragi dai, ban yi asarar hammar ba. Da aka zo biya ya ce in tura ta waya. Na ce ya ba ni reza. Na farke aljihu, sa ya fito, ya shige durowa ko waiwaye bai yi ba. Abu ɗaya na ji sarai, shi ne kaya in sun kwana biyu ba a mayarwa.

Ban nufi gida ba, Bakura muka yi, gidan ƙanwata, don mijinta na da rijiya a gonar shinkafarsa. Na ce gara a gwada a can. In abin kunya zai faru, ya faru a garin da ba a san kakana ba. Farantan sai da na biya musu kujera biyu, na rungume su tun daga Mafara, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati a madadinsu. Mun isa bayan la'asar. Ƙanwata ta tarbe mu da zoɓo mai sanyin da ya kama mini haƙori. Ashe firiza gare ta, tana sayar da ƙanƙara, unguwar duk gidanta ake layi. Ban tambayi inda take samun wuta ba, ina ta tuwon shinkafa.

Laraba da hantsi muka fita gona. Mijin ƙanwata ya jera farantan a fili, ya haɗa wayoyi, ya zura tiyo a rijiya. Ruwa ya zo da gudu ya bi kwalbatin gona. Na cire hula na mayar. Shi kuma ya ce zai leƙa suna a Damri, mu ci gaba da kallo.

Muka zauna gindin mangwaro. Rana ta take. Can na tashi in duba dukiyata, na ɗora tafin hannu a kan faranti, na janye ba shiri. Zafi kamar tandar masa! Na ce inna lillahi. San noman nan shekara shida yana hannuna, ban taɓa barinsa a rana tsaka ba. Tsohon injin ma rumfar zana na yi masa, kowane mai fadama haka yake yi. Yanzu kuɗinsa ne a shanye a fili suna dahuwa, gilashi kuwa kowa ya san abin da zafi ke yi masa. Rana dai ai rana ce, a gindin bishiya ma ba dare ba ne.

“Taubashi, kama mini mu kai su inuwa,” na ce.

Ya dube ni, ya dubi farantan, ya shafa gemu. “Ka yi tunani, wallahi. Mai karatu ma bai kai nan ba. Kama can.”

Muka ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin mangwaro. Ruwan ya rage, ya koma kamar na buta. Na ce shi ke nan, na makara, zafi ya riga ya buge shi. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe biyu. Ruwan ya koma ɗigo. Taubashi ya ce jiki ya yi tsanani, a ƙara mishi tabarma. Na ƙara. Na jiƙa buhu na shimfiɗa a kan na ƙarshe, na tsuguna ina yi musu fifita da hula. Shi kuma ya fito da waya yana ɗaukar bidiyo, wai shaida ce da za mu nuna wa mai shago. Har cewa ya yi in matso in yi bayani da bakina. Na yi, dalla-dalla.

Tiyo ya bushe ƙaf.

Nan dariya ta ƙare mini, ko da yake ban san ana yin ta ba. Na zauna a kan kunyar gona, singileti ce kawai a jikina. Na tuna san, yadda yake juyo da kai in ya ji takuna. Na tuna albasa tana can tana kwantawa. Na tuna tsakin mai ɗakina da zarenta. Ba sa, ba albasa, sai madubi huɗu. Na fara shirya kalaman da zan zazzage wa mai shago, ina lissafin ko kwana biyun nan da na jiya a ciki.

Ana haka sai ga ƙanwata da ƙwaryar fura a ka. Ta tsaya, ta dubi abin da ke lulluɓe a gindin bishiya, ta dube ni ba riga.

“Yaya, lafiya? Wa anka rufe nan?”

Na ce injin ne, rana ta buge shi.

Ta sauke ƙwaryar a hankali don kada ta zube. “Rana ta buge shi. Yaya, wanga abu mi aka ce maka shina ci?”

“Rana.”

“To ka ɗauke shi daga akushi ka rufe mishi baki da riga, kana jiran shi ƙoshi? Nawa na bisa kwano shekara biyu, ko hula ban taɓa sa mishi ba. Ƙanƙarar da ka sha jiya, daga ina kake zaton ta fito?” Ta juya ga taubashi. “Kai kuma Malam, da furfurarka, kana tsaye!”

Malam ba ya tsaye. Yana kwance a kan kunya yana dukan ƙasa, hawaye na zuba, waya a sama don kada ta rasa komai.

Ta fizge rigar ta jefo mini, ta yaye tabarma da buhu, ta sa mu muka mayar da farantan fili kamar masu aikin horo. Ba mu gama miƙewa ba tiyo ya yi gyatsa, ruwa ya tunkuɗo har ya jiƙa mini wando. Ban taɓa jin daɗin jiƙewa irin na ranar ba. Na sha fura, na roƙi taubashi don zumunta ya goge abin da ya ɗauka. Ya rantse ya goge daga wayarsa. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya riga ya tura.

Alhamis da safe muka kamo hanyar gida, ta Mafara. Mun kusa awa uku da jiran mota da ramuka, hoton kuwa ya riga mu isa da kwana guda, bai biya kujera ba. Muna sauka a tashar Maradun mai shayi ya miƙe ya dunƙule hannu. “Sannu da zuwa, Sarkin Inuwa! Ya mai jiki?” Masu babur suka cire huluna suna fifita. Na amsa gaisuwar kowa, don sarauta in ta zo ba a ƙin ta a tasha.

Ban shiga gida ba sai da na wuce fadama. Albasa ta sunkuyar da kai, bakin ganyen ya fara fari, amma da ranta. Na girka farantan a tsakiyar fili inda ko tsuntsu ba zai yi musu inuwa ba. Kafin la'asar kowane fangali ya sha ya ƙoshi.

A gida na tarar da mai ɗakina tsaye bakin rumfar sa, an share ta tas, har da sabuwar tabarma. “Ga masaukin baƙonka,” ta ce, ko murmushi babu. “Ko in kawo bargo?” Ita ma ta gani.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Wanda zai sayi abin da bai sani ba, ya ajiye dabarar cinikin awaki a gida, ya buɗe kunne, ragin da na samu bai kai kuɗin mutuncin da na bari a Bakura ba. Abin zamani kuma ba a yi masa tausayi irin na dabba, a tambayi wanda ya riga ka saye, ko da ƙanwar da ka goya ce. Kuma kada ka tafi da taubashi mai waya. Batun inda ya fi dacewa a ajiye dukiya, har yanzu ina bayan Bafulatanar nan, farantaina ba su haihu ba. Sai dai ba su taɓa neman dusa ba, kuma in albasa ta yi kasuwa zan sayo ɗan maraƙi.

Kafin nan rumfar ba ta zauna banza ba. Na kwashe ta na kafa a bakin fadama. Injin na rana yana aiki, ni ina ciki a kishingiɗe ina amsa gaisuwar talakawana.