Malam Armiya'u, Mun San Hannunka Ba Mu San Sunanka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2002, Allah ya karɓi ran Malam Armiya'u Katuru a gidansa da ke Shinkafi, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. An yi masa sutura bayan Azahar. Ni da nake wannan rubutu ban tsaya a sahun sallarsa ba, alhali tsakanin kyamis ɗina da masallacin da aka sallace shi ko jifa ba ta kai ba.

Malam, bari in gaya maka yadda aka yi, don kai mutum ne mai son a faɗi magana daidai. Ranar cin kasuwa ce. Da hantsi ladan ya yi shela a lasifika cewa Malam Armiya'u Katuru ya rasu. Na ji da kunnena. Na ce Allah ya jiƙan Musulmi, na ci gaba da ƙulla wa wani Bafillace maganin tari. Maƙwabcina Mudi mai tireda ya leƙo ya ce, "Wane na wanga?" Na ce wataƙila baƙo ne. Da aka fito da makara ta bi ta layinmu, mun miƙe tsaye kamar yadda ake yi wa kowa, sannan muka koma ciniki. Ka wuce ƙarƙashin allunan da ka gyara mana, babu wanda ya rufe shago.

Sai washegari wani mutumin Katuru ya zo mana gaisuwa, mu da ya ɗauka aminanka ne. A bakinsa muka ji cewa Malam Armiya'u shi ne Malam Waƙafi.

Sunan da muka laƙaba maka ke nan, kuma ba don girmamawa ba. Tun da ka yi ritaya daga koyarwa a firamare kake zagaya kasuwa a kan keke, da gwangwanin fenti da buroshi a ɗaure a kariya. Ba sana'arka ba ce, ba ka taɓa karɓar ko ruwan sanyi ba. Idonka ne kawai ba ya iya wuce rubutun da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A shekarar da aka ba mu Jihar Zamfara kowa ya yi ɗokin goge Sakkwato daga allonsa, yara masu fenti suka samu kasuwa. Wani ya ɗiga aya bayan kowace kalma don ado. Wani ya jera alamar motsin rai har biyar a bayan kalmomin "buhun gishiri". Ni kuwa aka liƙa mini alamar tambaya a ƙarshen sunan shago, don yaron ya ce ta fi sauran kyan lanƙwasa. Ka yi sallama, ka tsaya har na sallami masu saye, sannan ka ce, "Alhaji, allon ga shi ka gaida baƙo in ba ka nan. Ka bar ni in wanke mai baki." Na bar ka ne don in samu abin ba Mudi dariya.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, shaguna da yawa suka sake suna, aikinka ya ƙaru. Masu son ɗora ayar Alƙur'ani a allo ka riƙa bi kana roƙo su bari, saboda allo yana faɗuwa a kwata, awaki su taka. Wasu suka ji, wasu suka ce tsohon ɗan boko ne ke neman suna. Ba ka yi fushi ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yadda kake yi da sunayenmu. Ba ka taɓa ɗora buroshi a kan sunan mutum ba sai ka sa shi ya faɗa da bakinsa, ka maimaita, ka tambayi na mahaifinsa. Kana cewa iyaye sun yanka rago a kan sunan nan, bai kamata a rubuta shi da ganganci ba. Duk layinmu babu sunan da ba ka sani ba har da na kakanni. A cikinmu kuwa ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa ce maka, Malam, kai fa?

Bayan sadakar bakwai 'yarka Zulaihat ta biyo ta shagona za ta tasha, za ta koma ɗakinta a Zurmi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma da alama baffanninta sun rufa mana asiri. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo godiya. Kullum shina hwaɗin mutanen kasuwa su na nashi. Na san ku kunka ɗauke shi." Na buɗe baki, sai na ji na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta tafi da godiyarta, ni kuma na kasa ɗaga ido in dubi allon da ke bisa kaina.

Zulaihat, ba mu muka ɗauke shi ba. Sahu biyu aka yi masa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibai. Gara ki ji daga gare ni, kuma ina roƙon ki yafe mana.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya riƙa shafe namu ba tare da gori ba. Ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Rekiya, da Zulaihat da ƙannenta, da dukan jama'ar Katuru. Allah ya ba ku haƙurin rashi, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Mudi ya ce in sa sunansa a wannan gaisuwa, da na sauran mutanen layinmu. Jiya bayan La'asar mun je maƙabarta gaba ɗaya, sai da mai gadi ya nuna mana wurin. Muka tsaya muka yi addu'a, kowa ya faɗa da bakinsa: Allah ya jiƙan Malam Armiya'u ɗan Maitama, mutumin Katuru.