Hawayen da Ba na Inna Ba

Inna ba ta yi kuka ba ranar da Baba ya rasu. Ni ce na yi ta birgima a tsakar gida, ita kuwa tana kan tabarma da carbi, duk wanda ya ce "Ya haƙuri?" ta ce "Da godiya."

Sai bayan ta fita takaba idonta na dama ya fara zubar da ruwa. Fatar ƙasan idon ta saki ta juyo waje, jan naman ciki ya bayyana, hawaye na bin kunci safe da yamma. Na hagu kuwa tun tana budurwa kara ya tsone shi a gona. Da na daman kaɗai take ganin duniya.

Matan garinmu Gammo ba su rasa fassara ba. Wai kukan ɓoye ne ya janyo mata ido, baiwar Allah ta kasa tawakkali. Wannan magana ta fi ciwon ƙona mata rai. Da ta ji sallama sai ta kama gefen mayafi ta dirje idon zuwa ƙasa da ƙarfi, kada baƙo ya ga danshi.

Ina gidana a Gwarzo wata Laraba da hantsi matar ƙanena ta kira ni. Gwaggo, yayar Baba, ta kawo wanzami, zai yi tsaga uku a ƙarƙashin idon don mataccen jini ya fita. Tukunya na bari a kan wuta.

Na tarar ya buɗe zabira, Gwaggo ta tallabe kan Inna.

"Malam, mayar da askarka," na ce, ko gaisuwa babu.

"Ke!" in ji Gwaggo. "Yaushe aka haife ki?"

"Ido ɗaya gare ta, Gwaggo. In ya tafi, naki za ki ba ta?"

Na san na yi rashin kunya, amma ban matsa ba. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Bango ta kalla ta ce, "A gaya wa waccan ta rage murya. A kuma ba Malam haƙuri, ya je."

Washegari muka tafi asibitin ido a Kano. Likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce baƙin idon ya fara bushewa har ya ɗan kurje, domin fatar ba ta rufe shi. In aka bari zai zama gyambo, gani ya tafi. Tsufa ne kan saki fatar, in ji shi, wani lokaci shanyewar ɓarin fuska, ko tabon ƙuna ko na yanka da ke janyo ta ƙasa. Da ya ambaci yanka sai da na runtse ido.

Ya ce ta nuna masa yadda take sharewa. Ta nuna.

"Kin gani, Inna? Kullum ƙara janyo ta kike. Sama za ki riƙa shafawa a hankali, wajen hanci."

"Likita, ba kuka ba ne?"

"Ba kuka ba ne. Ruwan idon kowa ne. 'Yar ƙofar da yake bi ya sauka hanci ce ta kauce."

"To ka maimaita, waccan ta ji ta kai wa mutanen gida."

Mako biyu muna ɗiga magani da shafa mai, kafin ranar aiki. Allurar kashe zafi suka yi mata, suka rage fatar suka ɗinke ta a gefen ido, suka rufe da bandeji. Yini da kwana Inna ba ta ganin komai. Matar da ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba, ta damƙe shi har ya yi shati. Na ji tsoro ƙwarai. Ni na hana aska, ni kuma na kawo ta inda aka yanka.

Da aka cire bandejin na ce, "Inna, kina gani?"

Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa.

"Ina ganin wata ta ɗaura ɗankwali a baibai."

Idon ya warke, kuncin ya bushe, matan gari suka sami wani zancen. Da ruwan shuka ya sauka na je taya ta fitar da irin gyaɗa daga ɗakin Baba, wanda ba ta shiga ba tun rasuwar. Hularsa na nan a kan ƙusa. Ta tsaya tana kallonta, sai ga ruwa a kuncinta. Na zaci ɗinkin ne ya saki. Na zaro hankici zan shafa mata sama, sai na ga har idon hagun yana zuba.

Ta riƙe hannuna.

"Bar shi," ta ce. "Wannan nawa ne."