Abin da Yarinyar Ta Faɗa wa Kifin

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda ita, sau uku yara suna cinye shi da aikin makaranta ban sa ko harafi ɗaya ba. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron a ga kuskure a yi mini dariya. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, a cikin labarin akwai laifina. Amma likita ya gaya mini kunnena na dama, wanda shi kaɗai ya rage mini, yana bin sawun ɗan'uwansa, kuma babu abin da zai iya yi a kai. Shi ya sa na daure na zauna yau.

Sunana Uwani, a Sabon Garin Wudil na tashi. Ina da shekara takwas sanƙarau ya kama ni. Na tashi, alhamdu lillahi, amma kunnen hagu bai tashi tare da ni ba, na dama kuwa ya zama kamar an cusa masa auduga. In mutum yana gabana ina kallon bakinsa, nakan haɗa abin da na ji da abin da na gani in gane. In ya juya baya, ko duhu ya yi, shi ke nan. Na koyi gyaɗa kai da murmushi a inda ya kamata, har mutanen gidanmu suka ɗauka ina ji fiye da yadda nake ji.

Wadda ban iya ruɗa ba ita ce kakata ta wajen uba, muna ce mata Iya. Daga Kausani ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Shekarar da soja suka sauka aka koma mulkin farar hula, kowa a gari ƙungiya yake kafawa, masunta da mahauta da masu ɗinki, wai don in an zo rabon wani abu a san da su. Kurame da masu raunin ji irina su ma suka kafa tasu. Maza suna haɗuwa a zauren wani kafinta, mata kuma a gidan Goggo Azumi, wata mai ɗinkin hula da aka haifa ba ta ji ba ta magana. Wata Asabar bayan la'asar Iya ta ja hannuna ta kai ni can, ina turjewa, don ni a lokacin ba na so a ce da ni kurma.

Ban taɓa shiga gida mai surutu irin wannan ba, kuma duk da hannu ake yin sa. Mata tara ko goma a kan tabarmi, wasu suna ɗinkin hula, wasu suna ɓarar gyaɗa. In ana son kiran wadda ta juya baya, sai a jefe ta da ɓawon gyaɗa. Mai shigowa ba ta tsaya sallama a ƙofa, labule take girgizawa har a gan ta. A nan ake shirya wadda za ta raka wata asibiti, da wadda za a je wa barka, da yadda za a yi da mijin da ya hana matarsa fitowa. Kowa da sunanta na hannu. Ni, saboda yawan gyaɗa kaina, Goggo Azumi ta raɗa mini suna da dunƙulallen hannu yana sunkuyawa. Har yau da shi ake kirana.

Iya ba ta koyi maganar hannu a ko'ina ba, amma Allah ya yi ta mai magana da jiki duka. Cikin 'yan makonni ta zama kamar 'yar gida. Da Goggo Azumi ta samu labarin cewa Iya ce mai tara yaran unguwa da tatsuniya, sai ta roƙe ta ta yi musu ɗaya a wurin taron. Ta nuna cewa ita tun tana ƙarama take ganin yara sun kewaye tsohuwa suna dariya, ba ta taɓa sanin me ake cewa ba. Ga ta yanzu da furfura.

Iya ta ɗaga kai ta dubi rana, ta girgiza kai.

"Ke Uwani, gaya mata ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, ɓata yake yi a kasuwa. Ni da tsufana a je ana cigiyata a kara, kasuwar shanu?"

Na fassara yadda na iya. Goggo Azumi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nuna idonta, ta nuna ranar: su da ido suke ji, in duhu ya yi an rufe musu kunne sau biyu. Iya ta gane, na ga jikinta ya yi sanyi, amma ba ta sauya ba. Haka ta taras, haka za ta bari. Sai dai ta ce su zo gidanmu bayan magariba, za a hura wuta babba.

Haka aka yi, lokacin ɗari ne. Matan sukan zo su huɗu ko biyar da mayafansu, su zauna a tsakar gida suna fuskantar Iya, yaran gida da na maƙwabta su zauna a bayansu. Iya ta matso da kujerarta daf da wutar don hasken ya faɗa a fuskarta da hannuwanta, hayaƙi yana sa ta hawaye ba ta damu ba. Itace yana da tsada, da kara muke hurawa, shi kuwa kara tashi ɗaya yake yi ya mutu. Farkon tatsuniya kullum a haske yake, ƙarshenta a garwashi.

Wadda suka fi so ita ce ta kifin da ya tare mashigi. Wai a wani gari na bakin kogi, wani ƙaton kifi mai gashin baki ya zo ya kwanta a inda kwalekwale yake tsallakawa. Ba mai zuwa kasuwa, ba mai zuwa gona. Masunta suka zo suka soke shi da masu, masun suka karye. Makaɗa suka zo suka yi ta kiɗa a kansa, ko motsi bai yi ba. Mai gari ya zo da kansa ya yi masa tsawa, kifin ya fesa masa ruwa a rawani. A nan Iya takan kama kanta da hannu biyu ta yi tangaɗi, matan su yi ta dukan cinya. Sai wata yarinya 'yar mai wankau, wadda ba wanda ya kira ta, ta sauka bakin ruwa ta tsuguna daidai kan kifin, ta rera masa waƙa. Ta rera sau ɗaya, ya buɗe ido. Ta sake, ya kaɗa wutsiya. A ta uku ya juya ya nutse, ba a ƙara ganinsa ba.

Duk abin da ke cikin labarin nan Iya tana yin sa da hannu, ban da waƙar. In ta zo kanta sai ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta lumshe ido, ta sassauta murya. Lokacin kuma wutar ta riga ta faɗa. Ni dai ina jin wani abu yana hawa yana sauka, kamar ana magana a bayan bango, amma kalma ko ɗaya ban taɓa kamawa ba. Abin da na gani kawai, yaran da ke ji suna tuntsirewa da dariya.

A dare na biyu Goggo Azumi ta taɓa gwiwata. Ta nuna Iya, ta nuna kunnena na dama, ta buɗe tafin hannu: me yarinyar ta ce? Sauran matan duk suka juyo gare ni. Ni ce mai sauran kunne a cikinsu, da ni suke alfahari. Da na ce ban ji ba, da maganar ta ƙare a nan. Amma kunya ta kama ni, ga shi na saba. Sai na ɗora hannu a ƙirji na shafa, alamar haƙuri. Na nuna musu cewa yarinyar ta ce da kifin ya yi haƙuri, su ma sun yi haƙuri, kowa ya yi haƙuri. Goggo Azumi ta daɗe tana kallona, sannan ta gyaɗa kai a hankali. Ita ba ta ga dariyar yaran ba, suna bayanta.

Ban yi barcin kirki ba. Da safe Iya tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, rana ta haske bakinta tas, na durƙusa na ce ta faɗa mini waƙar kawai, ba tatsuniyar ba.

"Waƙar ai cikin tatsuniyar take, uwata. Bari rana ta faɗi, in sa miki ita a kunne."

Rana ta faɗi, matan suka zo, na kasa matsawa kusa da ita a gabansu, don za su gane. Na ce gobe. Goben ta yi ta zuwa har ɗari ya wuce aka daina hura wuta. Kafin damina Iya ta tafi Kausani gaisuwar rasuwa, ciwo ya kama ta a can, ba ta dawo ba.

Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da sauƙi. Amma tatsuniyar ta zama ta ƙungiya. Duk yarinyar da aka kawo sabuwa, Goggo Azumi sai ta yi mata ita, da rana tsaka, don ita ba ruwanta da dokar Iya. Kuma kullum a shafa ƙirji take ƙarewa. Shekarun da muka yi muna zuwa wani ofis neman a ba mu malamin da zai koya wa yaranmu karatu da hannu, mukan zauna a benci tun safe har a tashi, a ce mu dawo. In wata ta fusata ta miƙe za ta buɗe ƙofa ta shiga, sai Goggo Azumi ta yi alamar kifi da hannu, ta shafa ƙirji, matar ta koma ta zauna. Ina gefe ina gani. Na san ba a yi wa ban haƙuri irin dariyar da yaran nan suka yi. Ina zargin yarinyar zolayar kifin ta yi, ko gori, ko ta faɗa masa wata gaskiya da manya suka ji nauyin faɗa. Ban sani ba. Wataƙila da mun shiga ɗin ma ba abin da zai sauya. Amma malamin har yau ba a ba mu ba, kuma yaran da muka nema wa sun yi aure.

Na nemi waƙar. Yaya Sabo, wanda yana cikin masu dariyar, ya ce shi dai ya tuna akwai maganar gashin bakin kifin, sauran ya tafi. Ya gwada yi mini karin da hanci, ban ji komai ba sai motsin maƙogwaronsa. Na je Kausani sau biyu, na je Dagumawa inda ƙanwar Iya ta yi aure. Tsofaffin da suka san ta sun ƙare, na yanzu kuma suka ce ba su taɓa jin ta ba.

Watan jiya na faɗa wa Goggo Azumi gaskiya, cewa ban taɓa jin waƙar ba. Ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, sai an fito da ita rana sannan take ganin hannu, shi ma dishi-dishi. Sau uku ina maimaitawa. Daga ƙarshe ta gane. Na zaci za ta juya mini baya. Ta lalubo kunnena na dama ta ja, ba da zafi ba, yadda ake yi wa yaro. Sannan ta yi alamar sunana, ta nuna ƙofa, ta nuna tafin hannunta: je ki kawo mini ta gaskiyar.

Ba ni da inda zan samo ta, shi ya sa na zo gare ku. Wata ɗaliba daga jami'a da ke zuwa taronmu ta ce za ta kai wannan rubutu inda mutane za su karanta. Don Allah, duk wanda kakarsa ta taɓa yi masa tatsuniyar kifin da ya tare mashigi, musamman mutanen Kausani da ƙauyukan bakin kogi, ya taimaka. Ko baiti ɗaya ne, ko rabinsa, ko da bai tabbata ba, ya faɗa mini bai tabbata ba, zan karɓa a haka. In ya rubuto, zan iya mayar wa Goggo Azumi da ita da hannu muddin tana gani. In kuma da hali ya zo da kansa, ya tambayi gidan mai ɗinkin hula inda kurame mata suke taruwa ran Asabar a Sabon Gari, kowa ya san shi. Ya zauna ta damana, ya matso sosai, kada ya ɗaga murya, ya rera yadda aka rera masa. Ina roƙon kada a jira a ce sai an samu sarari. Bara ina jin kiran sallar masallacin unguwarmu daga ɗakina, bana sai na fito tsakar gida.