Fitilar da Ba Ta Shan Man Maƙwabci

A shekarun da wuta ta riƙa ɗaukewa a Alƙahira, ba abin da na tsana kamar bayan magariba. Kana tsakiyar buga ƙwallo a na'urar gem, sai ɗif! Kakata Inna Balaraba kuwa, wadda Baba ya ɗauko daga Gusau don aikin ido, murna take yi. Sai ta hura gawayi a barandarmu ta unguwar Ma'adi, ta ɗora shayi, ta ce, "Alhamdu lillahi, an sako mini jikokina."

Lokacin sabuwar na'ura ta fito, na hana Baba sakat. Da ya gaji ya ce, "Khalas, ya isa haka, zaɓi ɗaya: ko na'urar, ko tikitin raka Inna gida hutu." Wallahi zuciyata na kan na'urar. Har na yi wa Inna bayani cewa masu ƙera ta faɗuwa suke yi, don araha suke sayarwa.

"Ɗan kasuwa da faɗuwa?" ta ce. "Kai, maigidana, matso. Ga ta nan tafe, kowa ya ba ni kunnensa."

Wai wani bafatake ne ya shigo gari da fitilu masu kyau, yana sayarwa ƙasa da yadda ya saro. Mutane suka ce Allah ya kawo wawa, kowa ya saya. Ashe fitilar ba ta shan mai sai nasa. Wani bafataken ya zo da tasa fitilar da nasa man, gari ya rabu biyu, maƙwabci ba ya iya aron mai wurin maƙwabci. Da mutane suka tara mai a tulu, sai bafataken farko ya kawo sabuwar fitila mai ƙarin haske, wadda ba ta shan tsohon.

Ta juya gawayi, ta dube ni. "Faya-fayan gem da ka tara, sabuwar na'urar za ta ci su?"

Na ce a'a.

"Abokinka na saman bene fa, kuna aron juna?"

"Tasa ta wani kamfani ce, Inna."

"To, ƙurunƙus. Sha shayinka, ya huce."

Haushi ya kama ni, ba na Inna ba, na bafataken. Da safe na ce wa Baba tikiti nake so.

Yau na girma, kuma kada in yi ƙarya, ina da na'urar a ɗakina, ina sayen man bafatake da idona a buɗe. Waccan da na haƙura da ita ma daga baya ta yi araha, Baba ya saya mini. Amma hutun nan na Gusau, da nake riƙe hannun Inna zuwa gidajen 'yan'uwa tana nuna ni tana cewa ga mijinta na Masar, ba a sake yin irinsa ba. Kafin wani hutun ya zagayo aka yi mana waya ta rasu. Har yanzu in wuta ta ɗauke ina kewarta.